Jakada Mai Tafiya da Baya

Ranar da aka liƙa sunayen jakadun ɗalibai a allon sanarwa, Na-Sani bai bar kowa ya sarara a ɗakinsu ba. Ya haye gado da takalmi, ya bugi ƙirji, ya ce cikin ɗalibai dubu goma sha shi aka tsamo, domin hukumar jami'a ba makauniya ba ce. Abokin ɗakinsa, wani siriri da ake ce wa Tabarau, ya ɗago daga littafi ya tuna masa cewa mutum talatin aka nema, ashirin da takwas suka rubuta suna, sauran biyun ma roƙonsu aka yi. Na-Sani ya ce ai ya sani, hassada ce kawai take cin wasu.

Inda sunan ya samo asali ke nan. Ba a taɓa kai ƙarshen magana a gabansa ba. Ko ce masa ka yi rigarsa ta kama wuta, kafin ka kai ga wutar ya ce ai ya sani.

Aikin kuwa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Sau ɗaya a shekara jami'a takan buɗe ƙofa ga iyaye da 'ya'yansu masu son shiga, sai a sa tsofaffin ɗalibai su zagaya da su, su nuna musu wurare, su ba su labarin yadda zaman yake. Matsalar ita ce, shekara uku Na-Sani yana makarantar nan amma hanya uku ya sani: daga ɗaki zuwa aji, daga aji zuwa teburin mai shayi, daga teburin mai shayi zuwa ɗaki. Sauran jami'ar a bakin mutane yake jin ta.

Da a ce baƙi ne kawai za su zo, da da sauƙi. To amma a cikin masu zuwa har da ƙanwarsa Auta da mahaifinsu. Auta ta ci jarrabawa ci na gaske, kuma tun tana ƙarama ba ta da buri sai karatun harhaɗa magunguna. Baba, mai gyaran janareta ne wanda magana ba ta dame shi ba, ya ce shi ba zai saki 'yarsa zuwa wurin da bai gani ba. Abu uku zai duba da idonsa: inda za ta yi karatu, inda za ta ci, da inda za ta kwana. In sun yi masa, shi ke nan. In ba su yi ba, ga ƙaramar kwaleji nan a bayan layinsu, ko da yake ba a koyar da abin da take so a can. Auta ta kira yayanta a waya, ta roƙe shi don Allah ya yi abin nan a hankali.

"Ki ɗauka kin shigo, kin gama, har an ba ki takarda," in ji shi. "Yayanki ne jakada."

Malamar da ke kula da jakadun ta tara su kwana uku kafin ranar. Ta ba kowa takarda ɗauke da hanyar da zai bi, an rubuta ta dalla-dalla: daga babbar ƙofa a ƙirga turakun fitila uku a yi dama, a ƙirga biyar a tsaya, ga ɗakin karatu, a ƙara huɗu a yi hagu, da sauransu. Ta ce kowa ya bi hanyar da ƙafarsa ko sau ɗaya ne kafin baƙi su zo. Ta kuma ce in mutum ya tsaya yin bayani, ya fuskanci baƙinsa, kada ya ba su ƙeya. Daga duk jawabin nan, maganar ƙeya kaɗai ta shiga kunnen Na-Sani, ita ma rabinta.

Da ya dawo ɗaki ya shelanta shirinsa. Sauran jakadu za su riƙa tafiya suna juyowa kamar masu neman abin da suka yar. Shi kuwa daga babbar ƙofa har ƙarshen zagaye da baya zai yi tafiya, fuskarsa na kan baƙi, ba zai waiwaya ko sau ɗaya ba, don Baba ya ga yadda ɗansa ya haddace jami'a. Zuwa duba hanya kuma ya bar wa sababbin shiga. Ya haddace takardar tsaf, ya fita barandar ɗakuna ya fara atisaye.

Kwana uku mutanen barandar nan suna cikin ukuba. Ya kifar da bokitin wankin wani, ya taka farantin wani, ya shiga ɗakin da ba nasu ba da baya ya zauna a kan mai ɗakin yana barcin rana. Tun ana zaginsa har aka koma kwashe kaya in an ji takunsa. Tabarau ya gwada taimaka masa sau ɗaya.

"Ka dai lura, in kana tafiya da baya, damarka ita ce..."

"Ai na sani."

Tabarau ya gyara zaman gilashinsa ya koma karatunsa. Saboda yawan leƙen bayansa ta kan kafaɗa a lokacin atisaye, Na-Sani ya wayi gari ranar taron wuyansa ya sanƙare, ko kaɗan ba ya juyuwa. Ya ce wannan ma alama ce ta nasara, yanzu ko ya so waiwayen ba dama.

Ya isa babbar ƙofa cikin kwat ɗin aro mai ɗan matse shi a hammata, an rataya masa jan ƙyallen jakadu a kafaɗa, ga lasifikar hannu da ya karɓo wurin masu tsaro duk da Malama ta ce mutum ashirin ba sa bukatar lasifika. A rukuninsa akwai wata mata mai lema da 'yarta, da wani dattijo tsohon hedimasta mai rubuta komai a ɗan littafi, da sauran iyaye da 'ya'yansu. Baba na can baya, hannuwansa a bayansa. Auta na gefensa riƙe da taswirar da ake raba wa kowa a ƙofa. Na-Sani ya durƙusa ya gaida Baba, ya miƙe, ya kafa lasifika a baki ya sanar da doka guda: ba tambaya sai an gama zagaye.

Ya fara ja da baya cikin isa, yana ƙirga turakun fitila in sun wuce ta gefen idonsa. Ɗaya, biyu, uku. Takarda ta ce dama, sai ya yi damarsa. To shi wanda ya rubuta takardar, gabansa yake kallo, damarsa ita ce hagun mai tafiya da baya. Sauran rukunoni duk suka nufi ɓangaren azuzuwa, Na-Sani ya kwashi nasa ya yi ɓangaren ma'aikata da gonar gwaji ta sashen noma, inda bai taɓa taka ƙafarsa ba.

Auta ta dubi taswira, ta dubi hanya, ta ɗaga hannu. Ya yi mata murmushi, ya ce ta cikin lasifika wannan ƙanwarsa ce, ba ta iya ɓoye alfahari da shi, a yi mata uzuri.

Da ya ƙirga turaku biyar ya tsaya cak, ya nuna bayansa da babban yatsa ta kan kafaɗa. Ya ce ga ɗakin karatu nan, zuciyar jami'a. Baƙi suka ɗaga kai suka ga wani gini marar taga, bangonsa ya yi baƙi da hayaƙi, ga tankin mai a gefe, ga hoton ƙoƙon kai a jikin ƙofa. Na-Sani ya ce a nan yake wuni, har ma'aikatan wurin sun ware masa kujera. Ya ce in ka shiga ciki shiru ne da ko allura ta faɗi sai ka ji. Bai rufe baki ba aka ɗauke wuta, babban janaretan jami'a ya tashi a bayansa da wata ƙara da ta sa mai lema ta saki lemarta.

Na-Sani ya ɗan zabura, amma wuya ya ƙi juyawa, girman kai kuma ya hana shi juya jiki. Ya ƙure muryar lasifika ya ce kada kowa ya damu, na'urar sanyaya ɗaki ce, saboda littattafai ba sa son zafi. Baba ya karkata kai yana sauraron injin, ya ce wa na kusa da shi a hankali bel ɗin janaretan nan ya saki. Abin da ya faɗa ke nan. Hedimasta ya rubuta wani abu ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Aka ci gaba. Takarda ta ce hagu, ya yi hagunsa, kwalta ta ƙare aka shiga turɓaya. Abin mamaki, turakun fitila ba su ƙare ba, don haka lissafinsa bai taɓa nuna masa ya yi kuskure ba. Ya tsaya a gaban wani dogon zaure mai rufin kwano, ya buɗe hanci ya shaƙi iska.

"Kun ji ƙamshi ko? Ɗakin cin abincinmu ke nan."

A saman ƙofar an rubuta da manyan baƙaƙe cewa nan ne ake haɗa abincin dabbobi. Na-Sani ya ce sau uku a rana yake cin abinci a nan, wani lokaci har ya nemi ƙari, kuma duk wannan ƙibar da suke gani a kumatunsa daga nan ta fito. Ya ce da farko abincin yakan ɗan tsaya wa sabon zuwa a maƙogwaro, amma in aka yi mako guda sai mutum ya saba har ya riƙa mafarkinsa. Daidai nan wani ma'aikaci ya fito da buhun dusa a ka, ya tsaya yana kallon taron.

'Yar mai lema ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Uwarta ta kasa haƙuri.

"Ɗan nan, ka kuwa duba bayanka?"

"Hajiya, wanda bai san wuri ba shi ke dubawa."

"Ni dai na ga buhu."

"Shinkafa ce. Tambaya sai a ƙarshe."

Ma'aikacin ya sauke buhunsa, ya kira abokan aikinsa biyu, suka bi bayan rukunin don su ga ƙarshen abin. Wasu ɗaliban noma da ke dawowa daga gona da fartanya su ma suka shiga sahu, kowa ya zaro waya. Na-Sani ya ga taronsa na ƙaruwa, kansa ya ƙara fasuwa. Ya ce a ransa labarin iya bayaninsa ne ya fara zagaya makaranta.

Auta kuwa ta daina ɗaga hannu. Ta matso gaba tana nuna masa taswira da yatsa, tana motsa baki ba sauti. Ya kashe mata ido ɗaya. Tsoro ya kama ta sosai, don ta ga inda hanyar ta nufa a takarda, kuma ta san saura abu ɗaya cikin ukun da Baba ya zo gani.

Turke na shida, ya tsaya. Ya gyara kwat, ya nemi fuskar Baba a cikin taron, ya sassauta murya irin ta mai kawo babban albishir. Ya ce ga inda 'ya'yansu mata za su zauna, iyaye su kwantar da hankalinsu. A bayansa shingen waya ne, da rumfuna a jere, da awaki sun fi arba'in suna tuƙa.

Ya ce kowane ɗaki shida-shida ake sa su, wani lokaci takwas, amma suna zaman lafiya, sai dai ɗan ture-ture wajen cin abinci. Ya ce da yamma ta yi ake kaɗa su ciki a kulle, ba mai fita sai da safe. Ya ce akwai likita mai zuwa duba su duk mako, kuma duk wadda ta zo a rame, kafin zango ya ƙare ta yi ɓul-ɓul. Ɗaliban noma suka fara riƙe ciki. Wannan ya ƙara masa ƙarfi, sai ya saki takarda ya shiga ƙari daga kansa. Ya ce shi kansa ba baƙo ba ne a nan, duk mazauna wurin sun san shi, da sun ji muryarsa sai su taso.

Ƙarar lasifika ta ishi awakin, suka taso gaba ɗaya suka yo bakin shinge suna kuka.

"Kun ji su ko?" in ji Na-Sani. "Haka suke yi mini kullum."

Wurin ya fashe da dariya. Hedimasta ya zauna a kan wani dutse yana share hawaye da ɗan littafinsa. Mai lema ta ce ita dai a nuna mata hanyar ƙofa, ta ga abin da ya ishe ta. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba, Baba da Auta. Sai a lokacin wani abu ya ɗan ɗarsu a zuciyar Na-Sani, don kukan da ya ji bai yi kama da na mutane ba, kuma warin wurin ya fara ba shi labari. Amma ya riga ya yi nisa. Ya yanke shawarar ya yi sauri ya kai su wuri na ƙarshe, babban dandalin taro, inda yake da jawabin rufewa da ya tabbata zai wanke komai.

Ya ƙara sauri da baya, taro na biye da shi, yanzu sun kusa mutum sittin. Can sai ga Malama a bayan babur ɗin wani mai tsaro, ta yi awa guda tana neman rukunin da ya ɓace. Tun daga nesa take ɗaga hannu biyu tana kiran ya tsaya. Ɗaliban noma ma suka daina dariya suka shiga kiran ya tsaya. Baba da kansa ya buɗe baki ya ce, "Kai, tsaya."

"Ai na sani, Baba, saura taku uku. Jama'a, wannan wuri da za mu shiga yanzu, duk ɗalibin da ya shige shi ba ya fitowa yadda ya shiga."

Taku biyu ne. Tafkin kiwon kifi na sashen noma ya karɓe shi da kwat da ƙyalle da lasifika, ruwa ya yi tsalle har kan takalmin hedimasta. Lasifikar ta yi wani gurnani a ƙarƙashin ruwa ta mutu. Tafkin bai da zurfi, iyakarsa ƙirji, amma ƙasansa laka ce zalla. Ya miƙe ya zame, ya sake miƙewa ya sake zamewa, tarwaɗa na bugun ƙafafunsa. Mai buhun dusa ne ya miƙa masa doguwar gorar kwasar kifi aka jawo shi. Abin da ya fi ba mutane dariya, faɗuwar ta warware masa wuya. Ya tsaya a bakin tafki yana ɗiga, ya waiwaya a karon farko tun safe, ya ga awaki, ya ga zauren dusa, ya hango hayaƙin janareta.

Malama ta sauko daga babur ta tambaye shi ko ya bi hanyar nan da ƙafarsa kamar yadda ta ce. Ya dubi wayoyin da ake ɗaukar hotonsa da su, ya sunkuyar da kai. Ta miƙa hannu, ya cire jan ƙyallen ya ba ta, ta karɓa da yatsa biyu.

Sai ya ga Auta. Tana tsaye ta juya wa mutane baya, tana goge ido da gefen taswira. Dariyar mutum sittin ba ta yi masa ciwon da wannan ya yi masa ba. Ya tuna muryarta a waya, kunya ta rufe shi har ya ji da ma a bar shi cikin tafkin.

Malama ta fara ba iyaye haƙuri, ta ce bari ta aika a kira wani jakadan. Baba ya ce ba sai an kira kowa ba. Ya dubi 'yarsa.

"Takardar da ke hannunki, kin gane ta?"

"Na gane, Baba."

"To shige gaba."

Auta ta ja hanci, ta buɗe taswirar, ta juya ta daidai da hanya, ta wuce gaba. Ba ta taɓa shigowa jami'ar ba sai ranar. Inda ta yi shakka sai ta tsaya ta tambayi mai wucewa. Cikin minti ashirin ta kai su ɗakin karatu na gaskiya, mai hawa uku. Ta kai su ɗakin cin abinci, mai lema ta leƙa tukwane ta ce ba laifi. Ta kai su ɗakunan kwanan 'yan mata, inda Baba ya nemi izinin mai kula da wurin, ya murɗa famfo, ya gwada sakatar ƙofa, ya daɗe yana duba wayoyin wuta. Duk wannan zagaye Na-Sani na can ƙarshen layi, takalminsa na tsotson ƙasa, yara na nuna shi. Da suka shiga ɗakin karatu ya ɗaga kai yana kallon benaye fiye da kowane baƙo.

A bakin babbar ƙofa, bayan mutane sun watse, Baba ya tsaya. Auta ta sunkuyar da kai tana jiran hukunci, ta matse taswirar har ta yamutse.

"Wurin ya yi," in ji Baba. "Za ki zo."

Auta ta durƙushe a wurin tana godiya, kuka da dariya sun haɗe mata. Na-Sani ya ji wani sanyi a ransa, kuma da yake hali ba ya barin mai shi, nan take ya fara gyara wuyan jiƙaƙƙen kwat. Ya ce dama shirin ke nan tun farko, ya ɓatar da su ne da gangan don Baba ya ga ƙoƙarin Auta da idonsa.

Baba ya dube shi tun daga gashin da ganyen ruwa ya maƙale har zuwa takalmi. Bai ɗaga murya ba.

"Na rufe shago na taso don ina tsoron kada yarinya ta ɓata a wurin nan. Ashe wanda ya ɓata ya shekara uku a ciki, ni ina gida ina cewa ina da ɗa a jami'a."

Baba ya juya wurin Auta, ya ce motarsu sai nan da awa ɗaya, shi zai zauna a inuwar nan ya jira.

"Raka yayanki ɗakinsa ya sake kaya. Ki riƙe takardar a hannunki."